Amsar tambayar Hajiya kan kuɗin da ake mayarwa bayan sayayya

Hajiya, barka da yamma. Kin tambaya ko wannan kashbak da manhajoji ke tallatawa, wato su mayar miki da wani abu daga kuɗin da kika kashe, yana rage wa mutum kashe kuɗi da gaske ko kuwa romon baka ne. Shekara huɗu ke nan ina sana'ar POS da sayar da data a nan Ƙofar Ƙaura, kusan duk manhajojin nan sun bi ta hannuna, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Ni a wurina kashbak gyara ne. Kin san in kika sayi tumatir a Babbar Kasuwa, mai kayan gwari ya gama auna miki, sai ya ƙara miki biyu ko uku a kai. Tumatir ɗin na gaske ne, za su shiga miya. Amma ba daga gonar babansa ya tsinko miki su kyauta ba, tuni ya lissafa su cikin farashi. To haka abin yake a waya. Manhajar dillaliya ce: ta kai ki wurin mai kaya, mai kaya ya biya ta la'ada, ita kuma ta gutsura miki kaɗan don gobe ki dawo ta hanyarta. Da haka Rakuten ke aiki a Amurka, haka TopCashback a Ingila. Mu nan mun fi saninsa ta OPay da PalmPay, musamman tun farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, kowa ya koma tura kuɗi ta waya.

Inda yake da amfani, ban musa ba: katin waya, data, kuɗin wuta, kuɗin kallon tashoshi. Abin da dole ki saya, kuma farashinsa ɗaya ne ko'ina, babu ciniki a kansa. Ni da nake sayen data da yawa saboda sana'a, abin da ke taruwa mini a wata yakan zuba mini man babur na kwana biyu ko uku. Amma uwargida, da take sa katin dubu biyu a mako, mun taɓa zama muka duba nata na wata guda, bai kai kuɗin ƙosan safe na yara ba. Ga kuma naira 50 da ake cirewa in kuɗi ya kai 10,000 a turawa. Sau biyu ko uku ya lashe gyaran gaba ɗaya.

Inda na sha kashi kuwa shi ne sayen kaya. Kafin azumin bara uwargida ta matsa sai an canza mata injin markaɗe. Na gan shi a wata manhajar sayayya a kan 38,000, an rubuta da jan rubutu wai za a mayar mini da kashi 5 cikin ɗari, wato 1,900. Na danna ina murna. Sai a shafin biya na ga kuɗin kawowa Katsina 3,500, na ce ai na riga na shigo, na biya. Bayan mako guda na raka wani abokina kasuwa, sai ga irinsa sak a wani shago. Na tambaya don dai in ji, mai shago ya ce 36,000. Na taya 32,000, ya ce albarka, na juya zan tafi ya kira ni ya ce in kawo 33,000. Ko kwabo ban cire ba, tun da ina da shi a gida, amma ranar ban ji daɗin tuwon dare ba. Ki lissafa da kanki: na biya 41,500, ko an cire 1,900 ɗin, na yi asarar sama da dubu shida. Waya ba ta san "rage mini" ba, mu kuma Katsinawa da ciniki aka san mu.

Sannan 1,900 ɗin ma ba ta shigo hannuna a matsayin kuɗi ba. Aka ce sai wa'adin mayar da kaya ya wuce. Da ta shigo, sai ga sharaɗi: ba a cirewa, sai dai a yi wata sayayya da ita a cikin manhajar, kuma tana da ranar ƙarewa. Don kada ta ƙone na sayi agogon hannu na 9,000 da ban taɓa tunanin saye ba. Yana nan cikin durowa, batirinsa ma ya mutu. Nan ne ribarsu take, ba a kan injin markaɗen ba.

Wani abu daban da ya kamata 'yan uwa su kiyaye: duk inda aka ce sai kin fara zuba kuɗi, ko sai kin kawo mutum uku, ko wai ki riƙa danna oda ta bogi ana ba ki riba kullum, wannan ba kashbak ba ne ko da sun sa masa sunan. Mun ga damfarar zuba kuɗi ta MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, hawayen wasu har yau bai bushe ba.

Yanzu abin da nake yi, kafin in danna biya sai in kira yaron shago guda a kasuwa in ji farashi, in haɗa kuɗin kawowa, in kuma duba ko kuɗin da za a mayar ana iya tura shi banki. Kin ce firji kike son saye kafin bikin ɗiyarki. Ki turo mini sunan kamfanin da girmansa, gobe in Allah ya kai mu zan biya ta kasuwa bayan Azahar, in jiyo miki na ƙarshe da za su sallama.