"Innovation": Bidi'a ce ko Ƙirƙira?

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya daga Zariya. Ya ce a wani littafin addini ya ga an fassara bidi'a da "innovation", a rediyo kuma yana jin ana fassara "innovation" da ƙirƙira. Wanne ne daidai, kuma daga ina ta samo asali?

Malam, kowanne da hujjarsa. Tushen kalmar "innovation" Latin ne, daga "novus", wato sabo, ta kuma bazu a Turanci a ƙarni na 16. A wancan zamani ba kalmar yabo ba ce sam. In aka jingina ta ga mutum a Ingila, zarginsa ake yi da cusa abin da ba a gada ba cikin addini ko mulki. A 1548 har shela aka yi da sunan Sarki Edward na Shida, aka hana kowa sauya al'adun coci da ra'ayin kansa. Ka ga a nan ma'anarta ta zo daidai da bidi'ar da malamanmu ke wa'azi a kai, shi ya sa masu fassara littattafan Musulunci ba su sake ta ba har gobe.

Masana tattalin arziki ne suka wanke ta a ƙarni na 20, musamman Joseph Schumpeter, mutumin Ostiriya. A wajensa ƙago abu daban, sa shi ya shiga hannun jama'a da kasuwa daban, kuma na biyun ne "innovation".

Dubi aikin Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa. Ba shi ya gano cewa tukunyar ƙasa na sanyaya ruwa ba, duk gidan da ke da randa ya sani. Shi dai ya zura ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma, sannan ya yaɗa dabarar ƙauye-ƙauye. Tumatir da gauta suka riƙa daɗewa ba su lalace ba, ba lantarki ba firiji. Ya ci kyautar Rolex a 2000.

A ganina "ƙirƙira" ta ɗan gaza, don ta fi karkata ga ƙagowa, har ƙarya ma ana ƙirƙirar ta. "Sabuwar dabara" ta fi kama ma'anar in ana zancen noma, kasuwa ko kimiyya. Bidi'a kuwa ka bar ta a fagen addini, balle a bakin Bahaushe tana nufin shagalin biki da kiɗe-kiɗe ma.