Ɗaki mai baranda a sama, ko mai taga a tsakiyar jirgi?

Tambaya: Ni da maiɗakina muna shirin tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum. An nuna mana ɗakuna biyu masu kusan farashi ɗaya: mai baranda a hawa na 14 can wajen goshin jirgi, da mai taga a hawa na 5 a tsakiya. Ita tana saurin jin jiri ko a mota. Wanne ya fi mana? Kuma girman jirgi yana da wani tasiri?

Amsa: Malam, ku ɗauki na hawa na 5. Inda ɗaki yake a jikin jirgi ya fi irin ɗakin muhimmanci, musamman ga mai saurin tashin zuciya.

Jirgi yana motsi iri biyu da ke damun fasinja. Akwai tangaɗin hagu da dama, akwai kuma ɗagawa da sunkuyawa, wato goshi ya tashi baya ya nutsa, sannan su sauya. Na biyun kamar katako ne da aka ɗora tsakiyarsa a kan dutse: bakunansa ke hawa da sauka, tsakiya kuwa da ƙyar take motsi. Tangaɗin gefe kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan mutum daga ruwa. Ɗakin hawa na 14 a goshi ya haɗa matsalolin biyu a wuri guda. Jiragen zamani suna da fikafikan ƙarfe da ke fitowa a ƙarƙashin ruwa don rage tangaɗin gefe, kuma suna aiki sosai, amma ba abin a zo a gani suke yi wa ɗagawar goshi ba. Tagar ma tana da amfani, domin kallon inda ruwa ya haɗu da sama yana daidaita abin da ido ke gani da abin da jiki ke ji, jiri ya ragu.

Ɗakunan kansu kashi huɗu ne. Na ciki ba shi da taga ko kaɗan, yawanci murabba'in mita 13 zuwa 17, shi ne mafi araha, kuma da an kashe fitila sai duhu dunɗum ko da tsakar rana. Mai taga ya ɗan fi shi faɗi, sai dai tagar a rufe take har abada. Mai baranda yana da ƙarin filin murabba'in mita 4 ko 5 a waje, da kujeru biyu da ɗan teburi. Sai babban masauki mai falo, wanda kuɗinsa ya fi tafiya kan hidima da gata. Baranda tana biyan kuɗinta a tafiyar da kallo ne jigonta, irin ta gaɓar Alaska ko lungunan tekun Norway. A Bahar Rum kuwa kusan kowace safiya jirgi yana sabuwar tasha, ana fita da hantsi a dawo da yamma a gajiye, barandar ta wuni ba kowa. A jirage da yawa ma, barin ƙofarta a buɗe yana kashe na'urar sanyaya ɗakin.

Kafin ku biya, ku buɗe taswirar hawa-hawa ta jirgin, wadda kamfanoni ke sakawa a intanet, ku nemo lambar ɗakin. Abin dubawa na farko shi ne me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa. Wannan yana da muhimmanci a hawa na 5, domin a manyan jirage da dama a nan kusa ake ajiye zauren wasanni da ɗakunan cin abinci da wuraren kiɗa. Ɗakin da ke saman wurin kiɗa ba ya samun shiru sai bayan tsakar dare. Wanda ke ƙarƙashin wurin ninƙaya ko kicin kuma, tun asuba ake jan kujeru da kekunan kaya a kansa. Mafi kyau shi ne ɗakin da ɗakunan kwana suka saka a tsakiya, sama da ƙasa. A ƙasan goshi ana jin ƙarar sarƙar anga da ƙananan farfelolin da ke tura jirgi gefe lokacin shiga tasha, a ƙasan baya kuma akwai girgizar inji. Ku duba ko kwale-kwalen ceto ya tare tagar, ko kuma akwai ƙofar da ta haɗa ɗakin da na maƙwabta, don sauti yana ratsa ta fiye da bango.

Akwai tayin da ake yi da rangwame, inda za ku zaɓi ajin ɗaki kawai, kamfani ya ba ku lamba daga baya. Ku kam ku guje shi. Abin da ya rage bayan kowa ya zaɓa ake rabawa, kuma sau da yawa ragowar tana can goshi ko can baya.

Game da girman jirgi, babba ya fi ƙarami natsuwa a kan ruwa, amma ƙira ma tana da nata. Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, an ƙera shi ne don ratsa Tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York: tsawon mita 345, dogon goshi mai kaifi, jiki mai kauri da ya nutsa kusan mita 10 a ruwa. Yawancin jiragen shaƙatawa kuwa dogaye ne a sama, masu faɗi, an yi su ne don ruwa mai sauƙi da yawan baranda. Icon of the Seas, wanda ya fito a 2024, yana da tsawon kusan mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600. A irin wannan ƙira, da ta fara da Oasis of the Seas a 2009, an raba ginin sama biyu aka bar fili a tsakiya, saboda haka wasu barandun lambu ko dandalin wasa suke kallo, da barandun da ke fuskantarsu. Mutane da yawa sun biya kuɗin baranda suna zaton teku za su gani. Haka kuma a Celebrity Edge na 2018 da ire-irensa, yawanci barandar tana cikin ɗakin ne, gilashin sama ake saukewa da maɓalli. Ɗakin ya fi faɗi, amma ba fita waje ake yi ba.

Don gane cunkoso, ku ɗauki adadin girman jirgin, wanda ake rubutawa da tan, ku raba shi da yawan fasinjansa. Icon yana da kusan tan 248,000. In ya cika maƙil, kowane fasinja ya tashi da kusan 33, in kuma mutum bibbiyu ne a ɗaki, kusan 44. Ƙananan jiragen alfarma sukan haura 60. Lambar in ta yi ƙasa, ku sa ran layi a wurin abinci da bakin lifta.

Girman yana shafar tashoshin da za ku sauka. Tun watan Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta tsakiyar Venice, don haka manya sukan tsaya a wata tashar a kwaso mutane da mota. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka jirgi yana tsayawa ne a kan ruwa, ƙananan kwale-kwale su yi ta jigilar fasinja zuwa gaɓa. Wannan ɗan zangon shi ne ya fi jijjiga a duk tafiyar, kuma in iska ta yi ƙarfi akan fasa saukar gaba ɗaya. Ku ƙirga irin waɗannan tashoshi a jadawalin tafiyarku, ranar da za a shiga kwale-kwale kuma maiɗakinka ta sha maganin jirin da likita ya ba ta kamar awa guda kafin lokacin.