Tafiya Badagry da yaron da aka hana wa gyaɗa

Hajiya, kina tambaya ko ɗanki da likita ya hana cin gyaɗa zai iya bin ayarin yawon buɗe ido daga Agege zuwa Badagry a jihar Legas. Zai iya, amma abincinsa ya fito daga tukunyarki. Ki dafa masa shinkafa da miyar manja ki zuba a kula, ki haɗa da ayaba. Jagoran tafiyar kuma ki rubuta masa ta WhatsApp tun ranar biyan kuɗi, don maganar bakin mota mantuwa ake yi da ita.

Abin da na gani a irin wannan tafiya, hatsarin yana cikin motar ne. Gosulo ya riƙe ku bayan Mile 2, yunwa ta taso, sai wata baiwar Allah ta miƙo wa yara tsire ko kilishi da zuciya ɗaya, alhali da ƙuli-ƙuli ake haɗa yajin tsire, labun kilishi ma tunkuza ce. Don haka ki zaunar da shi gefenki, ki faɗa wa iyaye kafin mota ta tashi. Maganinsa ya kasance a jakar hannunki, kada ya shiga but ɗin mota, musamman in za ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu da ke Badagry, inda komawa asibiti sai an sake tsallako ruwa.