Canjin mai ba ya mayar da taransifoma sabuwa

Malam, ka tambaya ko canza man tsohuwar taransifomarku zai farfaɗo da ita. A'a. Mai ana tace shi ko a zuba sabo, amma takardar da aka naɗe wayoyin ciki da ita, in ta tsufa shi ke nan.

Zafi da danshi ke cin ta. In zafin ciki ya haura digiri 98 a ma'aunin Celsius, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin lalacewarta. Na taɓa buɗe wata, manta garau, amma takardar ta yi ruwan ƙasa, kana taɓawa tana marmashewa kamar busasshen ganye. Yawancin danshin ma a takardar yake maƙale, sannu a hankali zai tsatso cikin sabon man. Ku fara kai man gwajin furan tukuna, wato sinadarin da takardar ke saki cikin mai in tana lalacewa.