Ga ƙanena mai semina a kan tashar nukiliya ta farko

Assalamu alaikum ƙanena. Sau biyu na karanta tambayarka kafin in iya cewa komai. Ka ce an ba ka semina a kan tashar nukiliya da ta fara ba da wutar lantarki a duniya, ka rubuta EBR-I ta Amurka, malaminka ya bi da jan biro ya ce Obninsk ce ta Rasha, yanzu kana tambaya ko ka canza ko ka tsaya a kan bakanka. Wallahi kamar labarina kake bayarwa.

Ni a ajin ƙarshe abin ya same ni, kuma ba a ofis ba, a gaban jama'a. Sati uku ina haɗa aikin nan. Ranar na sa sabuwar shaddata, na tsaya gaban majigi, na buɗe hoton nan da duk muka sani, na ƙwayayen fitila huɗu a rataye jikin waya. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba wani malami daga kujerun gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata. Ƙwan fitila huɗu ne tashar wuta a garinku?" Ɗaki ya fashe da dariya. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce in bar ɓata musu lokaci, yaron firamare ma ya san Rasha ce ta fara. Takardar da ke hannuna ta jiƙe da gumi har tawada ta fito a yatsuna. Sauran minti goma ɗin ban san me na faɗa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da aka dawo mini da kwafin aikina, shafin farko kaɗai ya taɓa, sauran shafuka goma sha ɗaya fes suke kamar yadda na kai su. Ya yanke mini maki a kan abin da bai karanta ba, makin nan kuma ya bi ni har sakamakon ƙarshe. Shekaru sun wuce, na yafe masa, amma har yau in na ga hoton nan sai gabana ya faɗi.

To ga amsar da bakina ya kasa bayarwa ranar. Kai da malaminka kowa na riƙe da rabin gaskiya. A ranar 20 ga Disamba 1951, a hamadar jihar Aidaho kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Arko, EBR-I ta kunna ƙwayayen nan huɗu, kowanne wat 200. Washegari ta ɗauki nauyin wutar ginin gaba ɗaya. Sai dai wutarta ba ta fita ta shiga layin gari ba. Obninsk kuwa a watan Yuni 1954 ta tura wutarta, megawat 5, cikin layin da jama'a ke sha. In kuma tasha mai girman kasuwanci ake nufi, mutanen Ingila za su ce maka Calder Hall ce, 1956. Har ma a 1948 an taɓa kunna wani ɗan ƙaramin ƙwai da riyaktar Oak Ridge a Amurka (riyakta ita ce na'urar da ake tsaga ƙwayar zarra a cikinta don a samu zafi). Saboda haka kar ka sake ka rubuta "ta farko" tsirara, ka faɗi ta farko a me. Jimla ɗaya ce wannan, da na rubuta ta da ban sha abin da na sha ba.

Amma don Allah kar gardamar wa ya riga wa ta cinye maka aikin, domin daɗin labarin ba a nan yake ba. EBR-I ba don wuta aka gina ta ba tun farko. A lokacin ana fargabar yuraniyam ba shi da yawa a duniya, ga shi nau'in da ke saurin tsagewa, mai lamba 235, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake haƙowa ba, kusan 0.7 ne. Enrico Fermi da abokan aikinsa suka yi tunanin ko za a iya yin riyakta mai haifar da sabon makamashin nukiliya, wato abin da take ƙonawa, fiye da wanda take ci. Walter Zinn na cibiyar Argonne ne ya jagoranci ginin. Cikinta, inda wutar take ci, bai fi ƙwallo girma ba, aka lulluɓe shi da yuraniyam 238 wanda su kansu bargo suke kiransa. Niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke fita in yuraniyam ya tsage, waɗanda suka tsere daga ciki sai su faɗa bargon su mayar da shi fulutoniyam, wanda shi ma makamashin riyakta ne. A 1953 aka tabbatar cewa haihuwar tana yiwuwa.

Ga wurin da za su iya kama ka, ka riƙe shi da kyau: me ya sa ba a sanyaya ta da ruwa ba? Ruwa yana rage wa niyutiron gudu, ita kuwa haihuwar nan masu gudu take so. Shi ya sa aka yi amfani da haɗin sodiyam da fotasiyam, NaK, ƙarfe ne amma a narke yake ko a zafin ɗaki, yana kwashe zafi sosai, sai dai in ya haɗu da ruwa ko iska wuta ce. Ka zana hanyar zafin da hannunka, daga cikin riyakta zuwa bututun NaK na farko, zuwa na biyu, zuwa tukunyar tururi, zuwa janareta. Zanen hannu ya fi hoton da aka kwafo daraja a idonsu.

Kuma kar ka ɓoye haɗarin 29 ga Nuwamba 1955. Suna gwaji ne, da gangan aka tsayar da gudun NaK ɗin don a ga halinta, ƙarfinta ya yi ta hawa. Da aka ce a kashe, ma'aikacin ya taɓa maɓallin da ke kashewa a hankali maimakon na gaggawa. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, amma wani sashe babba na cikinta ya narke. Babu wanda ya mutu. Na daɗe ina tausayin mutumin nan, don na san yadda ake ji in kowa ya juyo yana kallonka. Alhali daga baya bincike ya nuna cutar a jikin ƙirar take: sandunan makamashin in sun yi zafi sai su lanƙwashe su matso juna, matsowar kuma ta ƙara wutar. Aka sake ciki aka ɗaure sandunan tamau, ta ci gaba da aiki, a 1962 ta ba da wuta da fulutoniyam, a 1964 aka yi mata ritaya. Yanzu gidan tarihi ce, kuma sunayen da ma'aikatan suka rubuta da alli a bango bayan nasarar 1951 suna nan.

Maganar malaminka kuwa, kar ka yi jayayya da shi a gaban mutane, ko a zauren ajinku na WhatsApp, magana tana komawa. Ka same shi a ofis da safe kafin ya gaji, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Malam, na duba gyaran da ka yi, na ƙara Obninsk, ga yadda na jera su." Ka bar masa ƙofar fita. Ni zuciya ta hana ni komawa ofishin nawa, kuma ni na yi asara.

Ranar seminar ka ci abinci kafin ka shiga, ka riƙe ruwa a kusa. In an katse ka, ka haɗiye yawu ka ce a ba ka minti ɗaya ka ƙarasa. Ka gyara sakin layin farkon nan ka sa mana shi a nan kafin ka kai masa, zan duba maka shi bayan isha'i in sha Allah.