A gaya wa yara halin da aljihun gida yake ciki, amma da awo

Assalamu alaikum, ƙanwata. Kin ce kina da yara uku, babbansu yana da shekara 11, autar kuma 5, abin da yake shigowa gida ba ya kai ku ƙarshen wata, yaran kullum cikin roƙon a saya musu wannan da wancan suke, kuma ke da maigidanki kun saɓa a kan lamarin: shi yana ganin bai kamata yaro ya san akwai ko babu ba, ke kuwa kin gaji da ce musu "sai gobe". Tambayarki ita ce ko ya dace a fito a gaya musu gaskiya. Amsata ita ce a gaya musu, gwargwadon abin da hankalinsu zai ɗauka, kuma a nuna musu a aikace fiye da yadda za a faɗa da baki. Na yi shekara 19 ina renon yara huɗu da kuɗin da ba ya isa, don haka abin da na gani da idona zan ba ki.

Ni ma uwa ce mai "sai gobe" a farkon aurena. Ɗana na biyu yana da shekara takwas ya roƙe ni takalmin wasan ƙwallo, na ce masa gobe, bayan mako guda ya tuna mini na ce ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo ya wuce ban ce komai ba. A zuciyata ina ganin rufa masa asiri nake yi, don kada ya ji cewa iyayensa sun gaza. Wata rana na yi musu alkawarin fita da su yawo, wanda na yi niyyar cikawa da gaske, sai na jiyo shi daga bayan ƙofa yana ce wa ƙanwarsa, "Kada ki sa rai, goben Umma ba ta zuwa." Bai faɗa da fushi ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Na daɗe zaune a bakin gado a daren nan, domin na gane cewa talaucin da nake ɓoye masa bai taɓa shi ba kamar yadda rashin cika maganata ya taɓa shi.

Daga baya na ci karo da wani bincike da ya bayyana mini abin da ya faru da yaron nan. A 2012 wasu masana a Jami'ar Rochester ta Amurka, ƙarƙashin Celeste Kidd, sun gwada yara 28 masu shekara uku zuwa biyar. An yi wa kowane yaro alkawarin kawo masa kayan zane masu kyau, rabinsu aka cika musu, rabi kuma aka dawo aka ce babu. Sannan aka ajiye wa kowa alewa ɗaya aka ce idan ya haƙura bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti uku kacal. Yaron da ya saba da alkawarin da ba a cikawa yana da hujjar cin abin da yake gabansa yanzu. Muna zagin yara da rashin haƙuri da almubazzaranci, alhali sau da yawa mu ne muka koya musu cewa jira ba shi da amfani.

Sai dai kafin ki buɗe baki ki yi wa yara bayanin kuɗin gida, ki tabbata ke kanki kin san inda yake tafiya. Ni ban sani ba. Na ɗauki littafi na rubuta duk abin da muka kashe na tsawon wata guda, komai ƙanƙantarsa, ban gyara komai ba, rubutawa kawai nake yi. Da na tara lissafin sai na ga abinci ya cinye fiye da rabin abin da ya shigo, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda tun 1857 wani masanin ƙididdiga na Jamus, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin samun gida, gwargwadon girman kason da abinci yake ci a cikinsa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da muke zubarwa. Kusan kowace safiya akwai saura a gindin tukunya da ya kwana ya lalace, akwai kayan miya da suka ruɓe a kwando domin na saya da yawa don na ga arha, ga kuma ƙananan saye-saye na lallashi, waɗanda nake yi don yaro ya daina kuka a hanya. Wannan ciwon ba gidana kaɗai ya kama ba. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya kiyasta cewa an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya a 2022, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan asarar a cikin gidaje ta faru.

Ta ƙofar abincin nan na shigo da yaran. Na zaunar da manyan biyu na nuna musu kuɗin cefanen mako a tafin hannuna, na ce wannan shi ne zai ciyar da mu kwana bakwai, ku taya ni mu ga yadda zai kai. Babbar 'yata na ba ta aikin awon hatsi kafin a ɗora tukunya, tana ƙirga bakunan da za su ci a ranar, ɗana kuma shi yake riƙe takardar sayayya idan mun je kasuwa, yana soke abin da muka saya, yana faɗin abin da ya rage. Ba zan manta ranar da ƙanwarsa ta nuna alewa ba, ya duba canjin da yake hannunsa ya duba takardar, ya ce mata, "Saura sabulu, idan an samu ragowa za a saya miki." An samu ragowar, na saya mata a take, a gabansa, don ya ga cewa sabuwar ƙa'idar tana da alkawari mai cika. Takalmin ƙwallon ma ya samu, bayan mako tara muna ajiye abin da muka tsirar daga cefane a cikin gwangwani, yana ƙirgawa duk daren Juma'a.

Na kuma yanka wa kowane yaro ɗan kuɗin kashewa na mako, kaɗan ƙwarai, ana bayarwa a rana guda tsayayyiya. Wanda ya cinye nasa a ranar farko ba a ƙara masa, ba a kuma yi masa gori, domin kwana shidan da zai yi yana kallon 'yan'uwansa sun ishe shi darasi. Idan matsi ya sa na ranci abin da yake cikin asusun yaro, ina rubutawa a gabansa kuma ina biya. Kada ki ce autarki ta yi ƙanƙanta, domin wani nazari da masana na Jami'ar Kambirij suka fitar a 2013 ya nuna cewa yawancin ɗabi'un da suka shafi kuɗi suna fara kafuwa ne kafin yaro ya kai shekara bakwai.

Yanzu bari na tsaya a gefen maigidanki, domin tsoronsa yana da tushe, kuma na faɗa ramin da yake hangowa. Akwai lokacin da bashi ya yi mana yawa, muka yi ta maganarsa da dare muna zaton yara sun yi barci. Bayan makonni na lura babbar 'yata ta daina neman ƙari a kan abinci, jakar makarantarta ta yage ta ɗinke da kanta ba ta faɗa ba, har ta yi kwana biyu da zazzaɓi tana ɓoyewa don kada a kashe kuɗin magani. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta ɗauki kayan da ba nata ba. Daga ranar na raba maganar gida biyu. Abin da yaro yake da ikon taimakawa a kansa, kamar cefane da rage ɓarna da tara kuɗin abin da yake so, ana gaya masa. Abin da ba shi da ikon komai a kansa, kamar bashi da kuɗin haya da ya taru da saɓanin iyaye, ba ya shiga kunnensa. Na kuma daina cewa "ba mu da kuɗi", wadda take sa yaro ya ji kamar rufin gida zai faɗo, na koma cewa "ba mu ware wa wannan kuɗi a watan nan ba", wadda gaskiya ce kuma tana nuna masa akwai mai riƙe da ragamar gida. Abinci da magani da makaranta kuwa na faɗa musu ƙarara cewa nauyinmu ne, kada wani ya ɓoye yunwa ko ciwo.

Ki ja musu kunne cewa lissafin gida ba zancen waje ba ne. Ki kuma bari su ga ɗan abin da kuke warewa don taimakon maƙwabci ko ɗan'uwa, ko da bai taka kara ya karya ba, don kada tattali ya rikiɗe musu ya zama rowa.

Kada ki fara komai a bayan idon maigidanki. Ki riƙe littafin nan wata guda tukuna, sannan ki ajiye masa shi ya duba da kansa, domin lissafin da mutum ya gani da idonsa ya fi gardama saurin shigarsa. Idan ya amince, ku fara da babban yaron shi kaɗai, ki miƙa masa takardar cefane a fitarku ta gaba, ki bar ƙananan su ga yayansu yana riƙe da ita.