Amsa ga Mai Tambaya Kan Raga da Garin Katako a Saiklon

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka: kana aikin digiri na biyu a jami'ar KNUST ta Kumasi a Ghana kan saiklon, wato na'urar da ke juya iska don ware ƙura daga cikinta, mai tace garin katako irin na masu fafe katako a unguwar Sokoban ta Kumasi, kana amfani da OpenFOAM, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon motsin iska, kuma duk lokacin da ka ƙanƙanta gidajen raga, wato ƙananan sassan da manhajar ke rarraba cikin saiklon a kansu don yin lissafi, sai sakamako ya ƙara kaucewa maimakon ya zauna. Ka ce ƙwayoyin garinka sun kai maikiron 300, wato milimita 0.3, gidajen kusa da bango kuwa milimita 0.2 ne.

To, matsalar tana cikin waɗannan lambobi biyun. Ƙwayarka ta fi gidan da take ciki girma.

An koya mana cewa raga in ta ƙara laushi, amsa tana ƙara kyau. Gaskiya ne ga iska zalla. Amma hanyar da kake bi tana ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin ɗigo marar jiki, ta lissafa jan da iska ke yi mata, sannan ta mayar wa iskar da wannan ƙarfin a cikin gidan da ƙwayar take. Tsarin Crowe da abokan aikinsa ke nan na 1977, kuma sharaɗinsa gida ya fi ƙwaya girma sosai. Dalili shi ne dokokin jan iska, ko na Stokes ko na Schiller da Naumann, gudun iskar da ƙwayar ba ta taɓa ba suke so. Idan gidan ya yi ƙanƙanta, ƙarfin ƙwaya ɗaya ya isa ya ja iskar gidan ta bi ta, sai kwamfuta ta karanta wannan gurɓataccen gudun ta lissafa ja da shi. Kamar mutum ne yana fifita da mafici kuma yana auna iskar ɗakin a gaban fuskarsa. Jan zai fito ƙasa da na gaskiya, kuma kuskuren yana ƙaruwa gwargwadon girman ƙwaya a kan faɗin gida.

Na sha zama da ɗalibai kan wannan, kuma abin da nake sa su yi kullum ɗaya ne: a ajiye saiklon tukuna. Ka buɗe akwati mai faɗi da iska tsaye, ka saki ƙwayar yashi ɗaya tak, maikiron 20, mai nauyin kilo 2,500 a kowace mita kubik. Da biro da takarda dokar Stokes za ta ba ka gudun faɗuwa kusan santimita 3 a daƙiƙa. Ka gudanar da shi da gida mai maikiron 200, sannan 100, sannan 40, ƙwayar tana mayar wa iska da ƙarfinta. Da idonka za ka ga tana ƙara saurin faɗuwa duk da babu abin da ya canza sai raga. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya sake amincewa da hoto mai launi don kawai ya yi kyau.

Magani kuwa, kafin komai ka tambayi kanka ko ma kana bukatar ƙwayoyi su tura iska. A taswirar Elghobashi ta 1994, idan gurbin da ƙwayoyi suka cika bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, tasirinsu kan iska ba abin damuwa ba ne; in ya wuce ɗaya cikin dubu, har karon da suke yi da juna sai an lissafa. A saiklon kada matsakaicin adadi ya ruɗe ka, domin garin a jikin bango yake taruwa, can ne kuma gidajenka suka fi ƙanƙanta. Ko dai ka bar gida ya ninka ƙwaya aƙalla sau uku zuwa biyar, ko ka baza ƙarfin a kan gidaje da yawa da faɗin da bai dogara da raga ba, kamar yadda Capecelatro da Desjardins suka yi a 2013. Akwai kuma gyaran Horwitz da Mani na 2016 mai ƙiyasta gudun iskar asali.

Wani abin da ake yawan mantawa: in ka raba gida biyu ta kowane ɓangare, gidaje sun ninku takwas. Idan ba ka ƙara yawan ƙunshin ƙwayoyin da kake bi ba (kowane ƙunshi yana wakiltar ƙwayoyi da yawa a lissafi), kowane gida zai tashi da kashi ɗaya cikin takwas kacal na ƙunshin da yake da su a da, sai sakamako ya riƙa rawa. Ka ninka su tare da raga. Tazarar lokacin da ke tsakanin matakan lissafi ma ka sa ta ƙasa da lokacin da ƙaramar ƙwayarka ke ɗauka ta bi iska. Ga ƙwayar gwajin nan kusan daƙiƙa 0.003 ne.

Sannan garin katako ba mulmulalle ba ne, tsinke-tsinke ne da ɓarɓashi. Ka je Sokoban ka ɗebo, ka tankaɗe, ka duba a madubin ƙara girma, ka gwada dokar Haider da Levenspiel ta 1989 mai la'akari da siffa. Idan ka gama gwajin ƙwaya ɗayan, turo mana lambobin nan cikin rukuni mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a.